Gudawar Inna: wata huɗu muna bin ƙwayar cuta, ashe dafinta ke cin hanjin

Na daɗe ina son rubuta abun da ya samu Innarmu a 2023 tun daga farko har ƙarshe, dan duk wanda na fara ba labarin a baki sai ya tare ni a rabi ya ce "ai gudawa ce, Flagyl za'a ba ta", kuma wallahi wannan maganar ce ta kusa raba mu da ita. Mu a Makka muke ta wajen Shara Mansur, nan aka haife ni, ita kuma Inna tun tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Kano. Lokacin shekararta 71, tana da hawan jini tana shan maganinsa, sannan akwai omefrazol da take haɗiya duk safiya sama da shekara shida saboda ƙwannafi, ba wanda ya sake dubawa ko har yanzu tana buƙatarsa, mu dai in ya ƙare mu sayo wani.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, ƙarshen Afrilu kenan, zazzaɓi ya rufe ta da rawar sanyi da zafin fitsari, aka ce infekshin ne na mafitsara ya hau har ƙoda. Kwana biyar aka kwantar da ita ana mata allurar seftirayakson ta jijiya, aka sallame mu da sifro na sati ɗaya, dukansu antibayotik ne. A nan ban ga laifin kowa ba, tana buƙatar maganin kuma ya yi aikinsa, ta warke sarai har ta koma zaman hira a ƙofar ɗaki.

Kwana tara da gama sifro gudawa ta fara. Ruwa zalla, sau takwas sau goma a yini, da murɗar ciki da wani irin wari wanda duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwon ba zai manta ba. Muka ce laban ne, wato nono, ya lalace, muka ce zafin gari ne, Yaya ya ce ful ɗin nan, wato dafaffen wake, da yara suka sayo a waje ne. Kun san tun 2018 saidaliyya, wato kantin magani, a Saudiyya ba ta sayar da antibayotik sai da takardar likita, tarar ma tana iya kaiwa riyal dubu ɗari, to amma gidajenmu ba'a rasa ragowar magani, Gwaggo ta ɗauko Flagyl da wani baƙo ya bari muka ba ta kwana biyu, ta ce yana sa mata ɗacin baki da tashin zuciya muka bari. Ni da hannuna na je na sayo loferamid, ɗan kafson nan na tsayar da gudawa, saboda na gaji da ganin tana rarrafe zuwa bayi cikin dare. Kwana biyu abun ya lafa muna ta hamdala. Rana ta uku cikinta ya ɗaure tamau kamar ganga, ba ta son a taɓa, jikinta zafi, kuma ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara goma. Daren muka tafi mustashfa, wato asibiti.

Sakamakon tahalil, wato gwajin jini, ya nuna fararen ƙwayoyin jininta sun kai 19,000, likitan ya ce a wannan ciwon daga 15,000 zuwa sama ana lissafa shi mai tsanani ne, ƙodarta ma ta fara nuna alamar gajiya saboda ruwan jikinta ya ƙare. Aka ɗaura mugazzi, wato ƙarin ruwa, aka ɗebi bayan gida. Gwaji biyu suka yi a kai, kuma wannan ne abu na farko da ya fara buɗe min kai: ɗaya yana neman ƙwayar cutar kanta, ɗayan yana neman dafin da take fitarwa. Duka biyun suka fito. Sunanta Kulostiridiyoyidis difisil, ma'aikatan asibiti suna ce mata Si-dif a taƙaice.

Na tambayi wata nas me ya sa gwaji biyu, ta ce dan mutum yana iya ɗauke da ƙwayar a cikinsa lafiyarsa ƙalau. Daga baya na karanta na ga haka ne, asali ma a 1935 a kashin jarirai masu lafiya aka fara gano ta, sai a 1978 aka tabbatar ita ke jawo mummunan kumburin hanji bayan shan antibayotik. Abun yana tafiya ne kamar haka, yadda na fahimta. Babban hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani bila adadin, sun cinye wuri sun cinye abinci, har ruwan matsarmama suna juya shi ya zama wani abu da ke hana Si-dif tsirowa. Antibayotik mai faɗin aiki irin seftirayakson da sifro da kilindamaisin idan ya shiga ba ya tambayar waye na gida waye baƙo, share fili yake yi. Ita kuma Si-dif tana da iri mai tauri kamar ɗan ƙwallo a cikin ɓawo, magani ba ya kashe shi, yana zama a jikin gado da mariƙin ƙofa da bayi wata da watanni. Wanda ya san wuta-wuta a gonar dawa ya gane, irinta na kwance a ƙasa shekaru ba ka ganinsa sai ranar da ya samu dama. To idan ta tsiro ta yi yawa sai ta fara zubo dafi kala biyu, ana ce musu A da B, dafin ya shiga cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji ya lalata abun da ke riƙe da surarsu, su saki juna su mutu, bangon ya zama kamar rariya, ruwa na zuba kumburi na ƙaruwa. Ita ƙwayar ba ta cika huda jiki ta shiga jini ba, tana zaune a cikin hanjin, dafin ne ke ɓarnar. Shi yasa loferamid ɗin da na ba ta ya ƙara dagula lamarin, na tsayar da motsin hanji dafin ya samu wurin kwanciya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Aka sa ta a bankomaisin na sha, miligiram 125 sau huɗu a rana kwana goma. Na sha fa, ba allura ba, dan na allura ba ya isa cikin hanji yadda ake so. Kwana huɗu gudawa ta tsaya, hankalinta ya dawo, farkon Yuni muna gida ana ta zuwa barka.

Kwana goma sha biyu gudawar ta dawo. Lokacin gari ya cika da alhazai, zafi ya haura 40, ko motar da za ta kai mu asibiti sai da muka sha wuya. Aka sake kwana goma na bankomaisin, akwai wani da ake cewa fidaksomisin wanda ya fi barin ƙwayoyin kirki su rayu amma a lokacin ba mu same shi ba. Ta sake warkewa. Ƙarshen Yuli gudawar ta sake dawowa, karo na uku kenan da ta kama ta.

Wannan tsakanin shine abun da takardar asibiti ba ta rubutawa. Inna mace ce da ba ta wasa da alwala, da ƙafarta take zuwa Harami tun muna yara, sai ga shi ba ta iya riƙe alwala daga bayi zuwa kan darduma. Ranar Arfa ba ta iya azumi ba, ta juya fuska bango tana hawaye ba ta ce komai ba. Ranar da muka fara sa mata famfas ta ce min "ke 'yar nan, da dai Allah ya ɗauke ni da mutuncina", na fita tsakar gida na yi kuka na dawo. Ta daina cin abinci dan tsoron abun da zai biyo baya, kunu ma sai an yi da gaske, daga kilo 61 ta koma 52. Jikoki aka hana su shiga ɗakinta. Mata masu zuwa dubiya kowa da maganinta, wannan ta ce hulba, wannan ta ce habbatus sauda da zuma, wannan ta ce ɓawon rumman, wata ma ta ja ni gefe ta ce anya ba sammu ba ne tunda yana tafiya yana dawowa. Ban ji haushinsu ba, ƙauna ce, amma ni na san abun da gwaji ya nuna.

A kwanciya ta uku ne aka haɗa mu da likitan cututtuka masu yaɗuwa, ɗan Sudan ne daga wajen Sinnar, ya ce ya taso kusa da Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a can, shi yasa yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, yana shigowa zai ce "sannu Hajja, yaya jiki" sai ka ga fuskar Inna ta saki. Lokacin yaƙin ƙasarsu na wata na huɗu, iyalinsa na can, amma bai taɓa shigowa ɗakin a gaggauce ba. Kawu ne ya tare shi, da ɗan zafi, ya ce dakta sau uku kenan, ku ba ta mudad hayawi, wato antibayotik, wanda ya fi ƙarfi mana a gama. Likitan ya ja kujera ya zauna. Ya ce ya ammi, ƙarfin magani ne ya kawo mu nan, bankomaisin yana kashe masu rai amma ba ya taɓa irin, kuma shi ma yana ƙara share ƙwayoyin kirki, so duk zagaye ɗaya muna kashe ɓarawo muna kuma ƙara rushe katangar gidan. Ya ce cikin mutum huɗu ko biyar da suka kamu ɗaya takan dawo masa, kuma wanda ta dawo wa sau biyu haɗarinsa ya fi haka nesa, ga shekaru sun haura 65, ga omefrazol da ke rage asid ɗin ciki. Inna da muke zaton barci take ta buɗe ido ta ce "wato an kashe maciji ba'a sare kansa ba". Da aka fassara masa ya ce haka ne Hajja, kuma wanda maciji ya sara ko an kashe macijin sai an ba shi maganin dafi.

Daga nan ya jero mana abubuwan da ba antibayotik ba ne, kuma a nan nake son mai karatu ya nutsu dan ba dukansu ke aiki ba. Ɗan Gwaggo da ke aiki a saidaliyya ya riga ya kawo mana shawarar wani gari, kolestiramin, maganin kitsen jini ne amma an san yana kama dafin a cikin hanji. Likitan ya ce a'a, dan ba dafin kaɗai yake kamawa ba har bankomaisin ɗin yake haɗawa ya riƙe, sai ka wayi gari ka kashe maganinka da kanka. Ya ce an taɓa ƙera wani musamman dan tsotse dafin, tolebama, aka gwada shi shi kaɗai aka ga bai kai bankomaisin ba bai ma kai Flagyl ba wajen warkarwa, aka ajiye shi. Akwai kuma wani yis da ake sayarwa a kafso, Sakaromaisis bulardi, yana fitar da sinadarin da ke yanka dafin A, amma hujjarsa a kan mutane ba ta da ƙarfi kuma ga mai raunin garkuwa ko mai bututu a babbar jijiya yana iya shiga jini, ya ce kar mu dogara da shi.

Sai ya zo kan guda biyu da yake ganin suna da nauyi. Na farko bezlotoksumab, sunan kasuwarsa Zinplava, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Oktoba 2016. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Sinadarin garkuwa ne da aka haɗa a ɗakin bincike, aikinsa kawai ya manne wa dafin B ya toshe wurin da yake kama bangon hanji da shi, kamar dai allurar dafin maciji da ake yi wa mutane a Kaltungo. Sau ɗaya ake ɗaura shi ta jijiya, awa ɗaya, miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kuma dole a ba da shi lokacin da ake kan shan antibayotik ɗin Si-dif, shi kaɗai ba ya warkar da gudawar da ake ciki. Amfaninsa na gaba ne, yana daɗewa a jini, kusan kwana 19 kafin rabinsa ya fita, to a makonnin nan da irin ke sake tsirowa ko an zubo dafin sai ya tarar da mai tare shi, hanji ya samu sararin da ƙwayoyin kirki za su dawo. An gwada shi a manyan bincike biyu da mutum sama da 2,600, aka buga sakamakon a 2017: cikin sati 12, waɗanda ba su samu ba kusan 27 cikin 100 ta dawo musu, waɗanda suka samu kusan 17 cikin 100. Wani abun da ya ba ni mamaki, an haɗa masa ɗan'uwa mai tare dafin A amma bai ƙara komai ba, ashe B ɗin ne babban mugu. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ragi ne ba garanti ba, kuma ga mai ciwon gazawar zuciya an ga matsala ta ƙaru, dan haka sai an duba zuciyarta tukuna.

Na biyun, wato dashen bayan gida, shine wanda ya tada ƙura a gidanmu. A ɗebi bayan gidan mutum mai lafiya wanda aka tantance jininsa da cikinsa, a tace a sarrafa, a zuba a hanjin mara lafiya dan a mayar masa da ƙwayoyin kirki gaba ɗaya. Kawu ya miƙe tsaye ya ce a'uzubillahi, najasa a cikin 'yar'uwarsa, ba da shi ba. Gaskiya ni ma da farko zuciyata ta tashi. Amma lissafin yana da ƙarfi, a wani bincike na Holan da aka buga 2013 mutum 15 cikin 16 suka warke da wannan hanyar, waɗanda aka ba bankomaisin kaɗai kuwa ko kashi ɗaya cikin uku ba su cika ba, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, kuma a Afrilun 2023 Amurka ta amince da wani na haɗiya a kafso mai suna Vowst. Yaya ya je ya samu malaminsu bayan isha'i, malam ya ce babin larura ne in likita amintacce ya ce babu makawa, ya karanto masa ayar Baƙara ta 173. Aka tsaya a kan cewa a fara da na jijiyar, in ta sake dawowa a yi wancan, Kawu ya yi shiru, shirunsa kuma mun san amincewa ce.

Hoton zuciya ya fito lafiya, hawan jini ne kawai bai raunana ta ba. Maganin babu shi a ma'ajiyar asibitin sai da aka yi oda ta musamman, muka jira kwana shida, kuɗinsa kuma ba zan ɓoye ba ya girgiza mu, ta'amin ɗinta, wato inshora, bai ɗauka ba, sai karo-karo aka yi, Gwaggo ta ɗauki adashenta kafin lokaci, wani ɗanta da ke Jidda ya turo, ni na sayar da warwaro biyu. Ranar da aka ɗaura, cikin Agusta, miligiram 520 daidai nauyinta, ƙaramar jaka ce ko rabin ta mugazzi ba ta kai ba. Inna ta kalle ta ta ce "wannan ɗan abun ne duk ake ta kai-kawo a kansa?" Na zauna ina ƙirga ɗigon har awa ta cika. Ɗan ciwon kai ta yi da yamma, shikenan.

Ba shi kaɗai aka yi ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Bankomaisin wannan karon ba'a yanke shi rana ɗaya ba, sau huɗu a rana sati biyu, sai sau biyu sati ɗaya, sai sau ɗaya sati ɗaya, sai duk bayan kwana biyu ko uku na wasu makonni, dabarar ita ce a bar irin ya tsiro a ranakun hutu sannan a same shi. Aka janye omefrazol a hankali, ƙwannafin ya ɗan dame ta sati biyu muka ɗaga mata matashi muka daina ba ta shayi da dare ya lafa. Aka ware mata bayi ita kaɗai ana wanke shi da Clorox kullum, aka ce mu manta da sanitaiza dan giyar da ke ciki ba ta kashe irin, sabulu da ruwa kawai, a cuɗa a ɗauraye. Duk lokacin da cikinta ya ɗan saki sai ruwan gishiri da sukari. A kan wannan ma likitan ya yi wata magana da ta zauna min, ya ce a ƙasarsu kwalara ma dafi ce, ita ke sa hanji ya dinga tsiyayar da ruwa, kuma abun da ya fi ceton rai a kwalara wannan ruwan ne wanda ba ya kashe ƙwaya ko ɗaya, sukarin ne ke jan gishiri da ruwa su koma jiki ta ƙofar da dafin bai rufe ba. Ya ce akwai ma wata irin I-kolai mai sa gudawar jini wadda in ka buga mata wasu antibayotik ƙara zubo dafi take yi ya je ya taɓa ƙoda, danginta ne suka kashe mutum sama da 50 a annobar Jamus ta 2011.

Sati na farko bayan ƙwayar ƙarshe ban yi barcin kirki ba, ko tari ta yi sai na tashi. Na samu littafi ina rubuta sau nawa ta zaga da yadda yake. Kwana goma sha biyu suka wuce, waɗanda a karon farko nan ta dawo, shiru. Wata ɗaya shiru. Yaya ya ce a je a sake gwajin bayan gida a tabbatar ta fita, likitan ya hana, ya ce gwajin yana iya nuna ƙwayar makonni bayan an warke sai a ɗaga hankali a sake ɗora mata magani a banza, tunda ba gudawa ba'a taɓa ta. Cikin Nuwamba nauyinta ya koma 57, kuma a wata Juma'a muka tura ta a keken guragu zuwa Harami, ta yi la'asar da magariba da alwala ɗaya.

In an tambaye ni wanne ne ya yi aikin, zuciyata tana cewa ƙaramar jakar nan ce, amma gaskiya abu huɗu aka canza lokaci ɗaya kuma mutum ɗaya ba ya zama hujja, ko a binciken ma da yawa ba su samu maganin ba kuma ba ta dawo musu ba. Abun da na tabbatar shine jarrabawar da ta zo a Fabrairu 2024, zafin fitsari ya dawo. Wannan karon kafin kowa ya rubuta komai na ajiye fayil ɗinta a kan tebur na ce ta yi Si-dif sau uku. Aka yi shukar fitsari, wato gwajin gano wace ƙwayar cuta ce, aka jira sakamako, aka zaɓi naitirofurantoyin na kwana biyar wanda aikinsa a mafitsara yake bai cika taɓa hanji ba, cikinta ko motsi bai yi ba.

Watannin baya wata ƙawata ta kira ni daga Jidda, surukinta ne ya faɗa irin wannan, karo na biyu kenan tana dawo masa, ta ce dan Allah in turo mata sunan wannan ruwan da aka ɗaura wa Inna. Na duba sai na ga kamfanin da ke yinsa ya daina fitar da shi tun ƙarshen Janairu 2025. Na kira ta na faɗa mata, na ce ta tambayi likitansu fidaksomisin, ta tambaye shi ko akwai maganin ƙwannafi da za'a iya janyewa, kar ta bari kowa ya ba shi abun tsayar da gudawa, sannan tun yanzu ta fara zama da mazan gidan a kan maganar dashen bayan gida, kar sai lokacin ya zo a fara gardama a bakin gado. Inna na gefena tana jin mu, ta ce in miƙo mata wayar ta yi magana da tsohon da kanta.